Yadda na gyara matatar sigina ta 10 GHz

Matatar da na zana don 10 GHz, wato da'irar da ke barin siginar wasu mitoci kawai ta wuce, ta sauka ƙasa da mitar da na nufa, ga asarar ƙarfi. Na canza mahaɗan SMA (inda ake ɗaura wayar sigina a allo), na sake liƙe su da dalma, shiru.

Ashe matsalar daga allon FR-4 take, wato allon da'ira na gama-gari da na gina matatar a kai. Dk ɗinsa (ma'aunin yadda allo ke rage saurin sigina) ba ya tsayawa wuri guda, kuma Df (ma'aunin asarar sigina a allo) na kusan 0.02 yana cinye sigina a wannan mita. Na koma allon Rogers RO4350B mai kaurin 0.508 mm, Df 0.0037. A manhajar zane na sa Dk 3.66 na zane, ba 3.48 na gwajin masana'anta ba, nan ake yawan zamewa. Faɗin layin tagullar da ke ɗaukar sigina, mai om 50, ya fito kusan 1.1 mm.

Da na auna sabon allon, matatar ta zauna daram a 10 GHz. Alhamdulillahi.