Yadda ake haɗa 'yan mutum-mutumin takarda don wasan tebur

Da farko a zaɓi hoton mayaƙi ko wani mutum da aka zana da ɗigo-ɗigon kwamfuta, a ƙara girmansa ninki huɗu ko takwas daidai, domin ninkin da bai cika ba yana dusashe gefen ɗigon. Tsayin mutumin da ke hoton ya kai milimita 28, tunda kowane gida a allon wasan tebur mai suna Dungeons & Dragons inci ɗaya ne. A juya kwafin hoton a ɗora shi bisa na farko, kai da kai, sannan a buga shi a kan takarda mai kauri a shagunan kusa da babbar kasuwar Maraɗi. A naɗe, a manna da gam kaɗan, a yanke da almakashi. Ni dai kwali nake sa wa a gindi, don iskar fanka ta sha kifar mini da mayaƙa.