Darasi Na Tara: Gyaran Sarƙar Gwal Idan Ta Tsinke

Mata da yawa suna riƙe sarƙar gwal a matsayin dukiyar ajiya, ko ta zo cikin lefe ko tsarabar Makka ce, saboda haka ɗan guntun da ya ɓace daga jikinta kuɗi ne ya ɓace. Idan sarƙarki ta tsinke, sai ki fara tattara duk abin da ya zube a kan farin kyalle, ki ƙulle shi wuri guda, domin ƙawanyar sarƙa ɗaya ba ta kai ƙwayar gero ba, kuma idan ta faɗa cikin tabarma da wuya a sake ganinta.

Wasu gyare-gyaren ana yin su a gida. Sarƙar da ta cukurkuɗe, a shimfiɗa ta a faranti, a ɗiga man gyaɗa a kan ƙullin, a warware shi a hankali da allura biyu, sannan a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. Idan kuwa ɗan zoben da ke riƙe da ƙugiya ne ya buɗe baki, ana iya matse shi da hantsaki har bakinsa ya haɗu.

Amma idan ƙawanya ta karye, aikin maƙerin zinariya ne. Kada ki liƙa ta da gam, kada kuma ki kai wa mai gyaran rediyo, domin dalmar da yake liƙi da ita tana cin gwal idan aka sake sa masa wuta, har sai an yanke wurin an zubar. Maƙeri yana haɗa bakin ne da ɗan gwal na liƙi wanda yake narkewa kafin jikin sarƙar ya narke, kuma ya kamata karat ɗinsa, wato ma'aunin yawan tsantsar gwal da ke cikinsa, ya dace da na sarƙar. Duba kusa da ƙugiya za ki ga ƙananan lambobi: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21 wanda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, 916 kuma karat 22. Gwal mai karat da yawa ya fi taushi, shi ya sa siririyar sarƙa mai 22 ba ta jure fizgar yaron goye.

Kafin ki miƙa sarƙar, ki ce a ɗora ta a sikeli a gabanki, ki karanta lambar da kanki, ki rubuta nauyin a takarda tare da kuɗin aikin da kuka yi ciniki. Idan ƙaramin liƙi ne, ki zauna a yi shi kina kallo. Bayan an gama a sake aunawa. A ce kin kawo giram 12.4, aka dawo miki da giram 11.9, to rabin giram ya tafi, kuma liƙin ƙawanya ɗaya da gogewa ba sa cin haka. Ki nuna masa takardar, ki ce: "Malam, ina ragowar?"