An sallame ka daga aiki babu dalili? Ga abin da za ka yi

Kafin komai, kada ka sa hannu a takardar da ke cewa kai ka ajiye aiki da kanka. Da yawa a nan suke kashe ƙararsu tun ba su fita daga ofishin manaja ba. Karɓi takardar da aka miƙo maka, ka karanta a tsanake, domin sallama daban, kora saboda laifi daban. Kora kan cinye haƙƙin ƙarshen aiki, shi ya sa dole a fara ba ka takardar tuhuma a ji ta bakinka.

Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ƙayyade notis, wato sanarwar da za a ba ka kafin sallama: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 in bai kai shekara 2 ba, mako 2 in bai kai shekara 5 ba, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Ko a ba ka notis, ko a biya ka kuɗinsa. In takardar ɗaukarka ta tanadi fiye da haka, ita za a bi. Wannan doka ta leburori da akawu ce. Manaja ko injiniya, yarjejeniyarsa ce madogararsa.

A da, mai kamfani in ya biya kuɗin notis shi ke nan, ba mai tambayarsa dalili. Gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C, ya damƙa shari'ar aiki ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana kuma da reshe a Kaduna. Kotun ta sha dogara da Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, tana neman dalili ingantacce. Sai dai ma'aikacin kamfani diyya ya fi samu. Wanda doka ta tsara aikinsa, kamar ma'aikacin gwamnati, shi ake iya mayarwa kujerarsa, kuma ya fi masa aminci ya shigar da ƙara cikin wata 3.

Tattara takardar ɗauka, shaidar albashi daga banki, katin aiki, har saƙonnin WhatsApp. Masu gadi da direbobi da ma'aikatan masana'antun Kakuri a Kaduna da aka ɗauka da baki, shigar albashi a asusu ita ce shaidarsu. Fara kai koke ga ƙungiyarku ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sannan lauya. In ka yi wata 4 ba aiki, kana iya cire kashi 25 na asusun fanshonka.