Kurakuran da ke kayar da masu karatun tattalin arziki da zamantakewa a Yamai da Tawa

Duk shekara, da zarar sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, wayata ba ta hutawa. Ɗan yayata, ƙanen abokina, ɗiyar maƙwabtanmu a Tawa: "Yaya, na samu, ekonomi nake so in yi." In yi murna, in sa albarka. Bayan wata tara ko goma wayar ta sake ƙara, wannan karon murya ta yi sanyi: "Yaya, abin bai yi ba." In na bincika sai in tarar ramin da ya ci ni shekarun baya shi ne ya ci wannan ma. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta. Da mai ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda don shiga Jami'ar Abdu Mumuni, da mai tsayawa gida a Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, duk da ku nake. Maganin da zan faɗa nawa ne, wanda na gwada a jikina. Wani malamin zai iya ce muku daban.

Na farko, wanda ya cinye mini shekara guda cur: gudun lissafi.

Yawancinmu mun zaɓi tattalin arziki ne saboda muna jin daɗin gardama. A fada, shayi na kan wuta, mu ne masu bayani kan tsadar shinkafa, kan uraniyom na Arlit, kan man Agadem da matatar Damagaram. Sai mu ɗauka haka karatun yake, gardama ce da za a ba mutum takarda a kanta. Haka na shiga. Kuma ina da baiwar hadda tun makarantar allo, shafi uku na bayani ba ya kai ni la'asar. Na haddace ma'anar kowace kalma, da sunayen masana, da shekarun da suka rayu. Ajin atisaye kuwa, wanda ake kira TD, sai in leƙa in ga ana ta x da y a allo, in ce zan kwafa wajen abokina daga baya. Na kwafa ɗin, da rubutu mai kyau. Ranar jarrabawa aka ba mu lissafin buƙatar wani kaya, aka ce idan farashi ya tashi daga kaza zuwa kaza a fitar da yadda saye zai ragu, a kuma faɗi ko mai kayan ya ci riba ko ya faɗi. Na san ma'anar abin kalma da kalma, amma hannuna bai taɓa yin sa ba ko sau ɗaya. Na samu 4 bisa 20. A lissafi da kididdiga ma haka.

Ku fahimci tsarin da kuke ciki. Lisansi shekara 3 ce, zango 6, kowane zango kiredi 30 (makin da ake tarawa in an ci darasi), jimla 180. Darasin da ba ka ci ba bashi ne, kuma yana bin ka. Ni bashin ya yi mini yawa har na maimaita shekarar. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne yadda aka biya wannan shekarar. Mahaifina manomin albasa ne. Don ya aiko mini da kuɗin haya da na abinci, ya sayar da albasarsa da bazara, daidai lokacin da kowa ya cire tasa kuma kasuwa ta cika, maimakon ya zuba a rudu ya jira watannin da take yin daraja. Wato ainihin tambayar da na kasa amsawa a takarda, ita ya amsa da guminsa. Bai taɓa yi mini gori ba, cewa kawai ya yi in ƙara himma.

Saboda haka idan yaro ya ce mini "Yaya, ni dai kaina ba ya ɗaukar lissafi", raina yana ɓaci. Wane kai? Kai da kake juya naira zuwa sefa a ka idan ka je Ƙonni, ba a taɓa cutar ka ko dala ba? Ƙiwa ce da tsoro, kuma na san su don na kwana da su. Ga abin da na yi a shekarar maimaici. Na ajiye girman kai na nemo littattafan lissafi na lise, na koma kan kaso cikin ɗari, da warware x, da zanen layi, da deribe, wato lissafin saurin canji. Kullum bayan sallar asuba awa ɗaya, atisaye biyar, da fensir, amsar kuma a rufe har sai na gama. Wanda na kasa in sa masa alama, in sake shi bayan kwana uku. Ban sake fashin TD ba, kuma a gaba nake zama, in ɗaga hannu a kai ni allo ko da zan yi kuskure a gaban mutane. Abokan bita biyu na riƙe, ba ƙari. Da an kai mutum biyar sai a ɗora shayi, shi ke nan bita ta koma fada.

Akwai gwajin da nake yi wa duk wanda ya zo mini. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da kashi 50 cikin ɗari: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma sefa 100. To kayan da ake sayowa daga Faransa, da kashi nawa kuɗinsa ya ƙaru a hannun ɗan kasuwar Yamai? Mafi yawa sai su ce 50. Amsar 100 ce, ninkawa ya yi. Wanda bai ga dalilin ba, kada ya buɗe littafin masanin tattalin arziki Keynes tukuna. Ƴan ilimin zamantakewa da ke ganin sun tsira, ku ma kididdiga tana jiran ku a gaba, gara ku shirya mata tun yanzu.

Wasu ƙananan kurakurai ba sa buƙatar dogon bayani. Tara fotokopi ba karatu ba ne. Idan aka samu tsaikon darussa, kada ka naɗe tabarma ka tafi gida ka manta da kaye, domin in an dawo a gurguje ake yin komai. Excel ka koye shi tun shekarar farko, ko a kwamfutar aro. Ingilishi kada ka raina shi, Nijeriya tana maƙwabtaka da mu kuma yawancin sabon bincike da shi ake rubutawa. Neman wurin sitaj, wato koyon aiki, ba a jira sai an karɓi lisansi. Kwafe daga intanet kuwa, malamin da ya karanta Faransancinka na shekara uku ya san muryarka.

Akwai kuma karanta littafi kamar a Faris kake zaune. Littafin zai ce gwamnati ta rage kuɗin ruwa ko ta ƙara buga kuɗi, ɗalibi ya kwashe haka ya zuba a kan Nijar. Alhali kuɗinmu na tarayya ne tsakanin ƙasashe 8 na UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, babban bankin BCEAO hedkwatarsa tana Dakar, kuma sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya. Ni al'adata, duk ƙa'idar da aka koya mini sai na nemo mata misali tsakanin kasuwannin Katako da Wadata na Yamai kafin in yarda na gane ta. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, da lokacin takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowane ɗalibin da ke da ido ya ga darasin kasuwanci tsakanin ƙasashe a kwanon abincinsa.

Sai na biyu da ya ƙona ni, shi kuma a binciken memuwar, wato kundin kammala karatu. Wannan ya fi shafar ƴan zamantakewa, amma kowa ya saurara.

Na zaɓi yin bincike kan kuɗin shigar manoma a wasu ƙauyuka uku na Adar. Na zauna a ɗaki a Yamai na tsara takardar tambayoyi da Faransanci, shafi shida, na buga guda 120, na ɗauki ƙannena biyu su taya ni. A raina, ai ni ɗan ƙasa ne, Hausa kuma a nono na sha ta, me zai gagare ni? Mun isa da damina ta kankama, maza duk suna gona tun sassafe, su dawo a gajiye. Wanda muka samu sai mu fassara masa tambaya nan take, kowa yadda ta zo masa a baki. Na zauna gaban wani dattijo na ce, "Baba, nawa kuke samu a wata?" Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Yaro, ni ma'aikacin gwamnati ne da za ni ƙirga wata? Abin da Allah ya ba mu da kaka shi muke ci." Maimakon in tsaya in ji abin da yake koya mini, sai na matsa masa har ya faɗi wani adadi don ya rabu da ni, ni kuma na rubuta.

Ɓarnar ba ta fito ba sai da na dawo na zuba alƙaluman a kwamfuta. Gidaje masu kama da juna, wani samunsa ya ninka na wani sau biyar. Na kwana biyu ina dubawa kafin na gane. Mutanenmu da dala suke ƙirga kuɗi, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Idan manomi ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jika kuma sefa 1000 ce, wato dala 200. Ɗaya daga cikin ƙannena yana juyawa zuwa sefa kafin ya rubuta, ɗayan yana rubuta abin da kunnensa ya ji, ni kaina wani lokaci haka wani lokaci haka. Babu wata alama a takardun da za ta nuna wanne ne wanne. Laifin nawa ne, don ban zaunar da su na faɗa musu ba. Ga kuma hatsi: na yi fili na kilo, su kuwa da dami da tiya suke magana, kuma damin wannan gari ba shi ne na wancan ba. Na tambayi "gida" ban bambanta gandu da gamana ba, saboda haka duk abin da mata da samari ke nomawa na kansu bai shiga ba. Kuɗin ƴan cirani da ke zuwa daga Abijan da Libiya, wanda a Adar shi ne ke riƙe da gidaje da yawa, ko layi ɗaya ban yi masa ba. Tambayar yawan dabbobi kuwa, wani ya ɗauka haraji ne zai biyo baya, wani ya ɗauka rajistar taimako ce, dukansu suka rage. Malamin da ke duba aikina ya juya takardun ya ce ba abin da za a iya tsamowa. Gaskiya ya faɗa. Wata biyar da kuɗin mota da na bugu suka tafi.

Abin takaici, har yau ina ganin yara suna sauka daga mota da jaka cike da takardun da ba wanda ya gwada, suna wuce ƙofar mai gari ko gaisuwa babu, suna tare mace tana daka suna karanto mata tambaya ta goma sha bakwai. Haba! Wa ya raine ku? Mutanen nan ba su ci bashinku ba. Lokacinsu suke ba ku kyauta, ku kuma da shi za ku samu takardar da za ku ci abinci. Kuma ba a rasa inda za a koya ba. Cibiyar binciken zamantakewa ta LASDEL tana nan Yamai tun 2001, rahotannin bincikenta suna intanet kyauta, ka karanta biyu ko uku ka ga yadda ake zama da mutane. Hukumar kididdiga ta INS ita ta yi ƙidayar 2012 da ta ba da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma alƙalumanta suna nan a jiha-jiha. Ɗalibi ya rubuta babi kan asusun mata bai san cewa tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi ya fara a 1991 ba kafin ya bazu zuwa wasu ƙasashe, wannan abin kunya ne.

Da na koma karo na biyu, bayan kaka na je, lokacin da rumbu ya cika kuma mutane suna da sukunin hira. Na fara da gidan mai gari da goro a hannu, na faɗi ko ni ɗan wane ne, na kuma faɗa a fili cewa ba haraji ba taimako, karatu ne. Kwana uku na farko ban fito da takarda ba, zama kawai da saurare. Tambayoyin da Hausa na rubuta su tun daga tushe, na rage su zuwa shafi biyu, kuma kafin in buga sai da na karanta wa kakata. Duk inda ta ce "mi kaka nufi?" na soke na sake. Na daina tambayar samu, na koma tambayar dami nawa aka ɗaure bana, nawa aka sayar, wa ya aiko da kuɗi da salla, yaushe rumbun bara ya ƙare. Na tafi da ƙaramin sikeli na auna dami uku da tiya uku a kowane gari. Wajen mata ƙanwata ce ta shiga. Kowane adadin kuɗi muka rubuta shi yadda aka faɗa, da kalmar dala ko jika a gefensa, juyawa kuma sai da dare, ni kaɗai, da jan biro. Kafin in kwanta in ɗauki hoton kowane shafi da waya. Gida 45 kawai na yi a wannan karon, kuma da su na kare memuwar ɗin.