Sikanin ɗin mai ciki: yaushe za ki je, me za a duba, yaya za ki yi da takardar

Ni ungozoma ce, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a nan Kumasi, kuma yawancin matan da nake yi wa awo daga Aboabo, Asawase da Sawaba suke fitowa. Da wuya in miƙa wa mace takardar zuwa sikanin ba ta ce mini, "Anti, za a ga mace ce ko namiji?" ba. Za a iya gani idan lokacinsa ya yi. Amma sikanin ɗin da ya fi kowanne amfani a wurina shi ne na farkon ciki, wanda ba a ganin mace ko namiji a cikinsa, kuma shi ne matan Zango suka fi tsallakewa. Mai cikin fari kunya ke hana ta, wata tsoron bakin mutane, wata kuma uwar mijinta ce ta ce a bari ciki ya yi ƙwari tukuna. Kafin ta iso wurinmu ciki ya kai wata shida ko bakwai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2016, ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, a kuma yi mata sikanin sau ɗaya kafin sati 24. Wannan mafi ƙaranci ke nan. Ni na fi so a yi wa mace biyu, ɗaya kafin sati 14, ɗaya tsakanin sati 18 da 22. Na uku sai da dalili.

Lissafi ne ya sa na nace a kan na farkon. A asibiti muna ƙirga ciki daga ranar da jinin al'adarki na ƙarshe ya fara zuwa, kwana 280, wato sati 40. Idan da watan sama kike ƙirga, wannan kusan wata tara da rabi ne, shi ya sa za ki ji mace hankalinta ya tashi wai ta shiga wata na goma, alhali lokacinta bai wuce ba. To, mata nawa ne suka riƙe ranar? Sai ki ji "bayan ƙaramar Sallah ne" ko "wajen Mauludi". Mai kwanika ma ba ta ga jinin ba sam, tana shayarwa ciki ya shiga. Haka wadda ta bar allurar tazarar haihuwa, al'adarta ba ta gama daidaita ba.

A watanni ukun farko 'ya'ya kusan kai ɗaya suke wajen girma, da ɗan doguwa da ɗan gajeriya. Mai sikanin zai auna tsawon ɗan tayin daga tsakar kai zuwa mazaunai, na'ura ta fitar da kwanakin cikin, kuskuren bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba. Daga nan kowane yaro sai ya kama hanyarsa, wani ya yi ƙiba, wani ya tsaya ƙarami. A wata na shida kuskuren kan kai sati biyu, a watannin ƙarshe har sati uku. Sati uku ba wasa ba ne a ɗakin haihuwa. Da wannan lissafin muke sanin naƙudar da ta zo yau ta bakwaini ce ko ta cikakken ciki. Da shi muke sanin ciki ya wuce sati 41 har a yi maganar tayar da naƙuda. Da shi likita ke sa ranar aiki ga wadda za a yi wa tiyata, don kada a ciro yaron da huhunsa bai nuna ba.

A wannan zuwan kuma ake tabbatar da cewa cikin a mahaifa ya zauna. Wani yakan maƙale a bututun ƙwai, ya yi ta girma har ya fasa shi, mace ta zubar da jini ta ciki ba wanda ya gani. Ana ganin bugun zuciya daga wajen sati 6. Idan kika je da wuri sosai aka ce ba a ga komai ba sai 'yar jaka, ki dawo bayan sati ɗaya ko biyu, kada ki tafi gida kina kuka. Sau da yawa cikin bai kai yadda kike zato ba ne. Idan tagwaye ne, yanzu ne aka fi iya gane ko mabiyiya ɗaya suka haɗa ko kowa da tasa, kuma masu mabiyiya ɗaya sun fi bukatar sa ido da yawan sikanin. Ƙarin mahaifa ma, wato tsiron da ke fitowa a jikin mahaifa, wanda ya yi yawa a matanmu baƙar fata, a nan ake ganin inda yake da girmansa.

Ranar zuwa, ki ci abincinki. Ba a zuwa sikanin ɗin ciki da yunwa, ki sha kokonki da ƙosai ki fito. Idan cikin ƙarami ne ana so mafitsara ta cika, domin ita ke turo mahaifa sama a gan ta sosai. Ruwan leda ɗaya ko biyu ya isa, ki sha saura kamar awa ɗaya, ki riƙe fitsarin. Kada ki sha tun daga gida sannan ki hau mota ki tarar da layi, wahala za ki sha a banza. Ki sayi ruwan a ƙofar asibiti, ki ga yawan mutanen da ke gabanki tukuna. Idan ciki ya girma ba a cika bukatar wannan ba. Zani da riga sun fi doguwar riga sauƙi, ki sassauta zanin zuwa mara, ki ɗaga rigar, shi ke nan. Ki riƙo littafin awonki, da katin inshorar lafiya, da duk takardar sikanin da aka taɓa yi miki a wannan cikin, da ɗan ƙyalle na goge ciki. Tun 2008 ake kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, amma ki ƙulla ɗan kuɗi a bakin zani, domin idan aka tura ki wurin masu zaman kansu biya za ki yi.

Za ki kwanta rigingine, a shafa miki wani mai mai sanyi da santsi, a riƙa yawo da kan na'urar a fatar cikin, wani lokaci a ɗan danna. Ba zafi, sai dai matsin fitsari. Idan cikin ya tsufa kika ji jiri ko tashin zuciya, ki yi magana a juya ki gefen hagu. Nauyin mahaifa ne ya danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

Akwai wanda ake yi ta gaba, da wani siririn kan na'ura da aka sa wa roba, idan cikin ƙarami ne ƙwarai ko ana zargin ba a mahaifa yake ba. Shi kuma sai kin yi fitsari kafin a fara. Ba ya jawo ɓari. Dole a gaya miki kafin a yi, kuma sai kin yarda. Na san abin da ke damun matanmu da mazajensu a nan: masu sikanin da yawa maza ne. Ki tambaya tun a wurin karɓar kati ko akwai mace. Idan babu, ki ce nas ta tsaya a ɗakin, ko ki shiga da 'yar'uwarki. Ba roƙo kike yi ba, haƙƙinki ne. Idan Turanci ko Twi na ba ki wuya, ki zo da wadda za ta fassara miki, kada a yi bayani ki gyaɗa kai ki fito ba ki ji komai ba.

Iyayenmu kan ce na'urar tana ƙona yaro ko ta sa ya fito da rauni. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ba irin hoton ƙashi ba ne. Sauti ne da kunne ba ya ji ake turawa, ya bugi jikin yaron ya dawo, kamar yadda muryarki ke dawowa idan kika yi magana a bakin rijiya, na'ura ta mayar da shi hoto. Tun 1958 wani likita mai suna Ian Donald a birnin Glasgow ya wallafa aikinsa a kan wannan, kuma har yau ba a samu yana cutar da ɗan tayi ba idan wanda ya san aikin ne ya yi. Duk da haka ba na goyon bayan a riƙa zuwa kowane wata don kawai a ga fuskar yaro a tura wa dangi a WhatsApp.

Na tsakiyar ciki, tsakanin sati 18 da 22, shi ya fi daɗewa, yakan ci minti 20 zuwa 40. Ana bin yaron gaɓa-gaɓa: ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa, leɓe, ƙashin baya, ɗakuna huɗu na zuciya, tumbi, ƙoda, mafitsara, hannaye da ƙafafu, da cibiya. Ana auna kai, da kewayen ciki, da ƙashin cinya, a duba inda mabiyiya ta zauna da yawan ruwan da yaron ke ciki. Idan mai sikanin ya yi shiru ya ƙura wa allo ido, aiki yake yi, ba mugun abu ya gani ba. Idan ya ce ki fita ki zagaya ki dawo, yaron ne ya juya baya. Amma idan aka sallame ki cikin minti biyar, ki sani ba wannan binciken aka yi miki ba, an dai duba bugun zuciya da girma ne. Ki tambayi ungozomarki inda ake yin cikakken. Wadda aka ga wani abu da ke bukatar ƙwararre, a nan Kumasi asibitin koyarwa na Komfo Anokye ake tura ta.

Kuma ba komai yake gani ba. Wasu matsalolin zuciya kan ɓuya, kurumta ba ta fitowa a hoto, sikila ma haka. Sikila a jini ake gane ta, naki da na maigidanki, sannan na jaririn bayan haihuwa. A garin nan aka fara gwada jarirai tun 1995. Sikanin ba ya auna hawan jini, ba ya nuna ƙarancin jini ko suga, ba ya kuma maye gurbin maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da muke ba ki ki haɗiye a gabanmu daga sati 16. Na ga matan da ke da takardun sikanin huɗu amma littafin awonsu fari fat, kuma irinsu ne jijjiga ke kamawa ba shiri.

Maganar mace ko namiji, a wannan lokacin ake iya gani, idan yaron bai haɗe ƙafa ba. Ana yin kuskure. Idan ba kya son sani, ki faɗa kafin a fara.

Akwai kalmomi uku da ke hana mata barci bayan sikanin, kuma yawanci ba su kai haka ba. Na farko, "mabiyiya tana ƙasa". A sati 20 ana ganin wannan sosai, kuma kusan 9 cikin 10 suna matsawa sama yayin da mahaifa ke buɗewa. Za a sake dubawa wajen sati 32. Abin da ke kanki shi ne, ko ɗigon jini kika gani ki taho asibiti, kuma idan ta ƙi matsawa ta toshe bakin mahaifa, haihuwar gida ta fita daga lissafi, aiki za a yi. Na biyu, "yaro yana zaune". Kafin wata na takwas yaro juyawa yake yadda ya ga dama, sai wajen sati 36 muke damuwa, kuma 3 zuwa 4 ne kawai cikin 100 ke kaiwa haihuwa a zaune. Kada ki bari kowa ya murza miki ciki a gida da sunan juya shi. Na uku, "yaro ya yi girma". Nauyin da na'ura ke bayarwa kintace ne daga awon kai da ciki da cinya, yakan kauce da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wanda aka rubuta wa kilo 3.5 zai iya fitowa da 3, zai iya fitowa da 4. Likita ba zai yanke shawarar tiyata da wannan lambar kaɗai ba, sai ya haɗa da haihuwarki ta baya da sugarki da yadda naƙuda ke tafiya.

A takardar za ki ga wasu haruffa. GA kwanakin cikin ne, idan an rubuta 20w 3d ana nufin sati 20 da kwana 3. FHR bugun zuciyar yaron ne a minti ɗaya, daidai shi ne 110 zuwa 160, kusan ninkin naki, don haka kada saurinsa ya tsorata ki. EFW kintacen nauyi. EDD ranar da ake sa ran haihuwa, kuma kusan mace 1 cikin 20 ce kawai ke haihuwa a ranar. Daga sati 37 zuwa 42 duk lokaci ne. Kowane sabon sikanin zai fitar da tasa EDD ɗin, sai mace ta zo mini da takardu uku da ranaku uku tana tambayar wacce ce gaskiya. Wadda muka tsayar a sikanin ɗin farko ita ce, ba a canza ta. Idan wanda aka yi daga baya ya nuna yaron ya gaza kwanakinsa da sati biyu ko uku, ba ranar haihuwa ce ta matsa ba, wataƙila yaron ne ba ya samun isasshen abinci a ciki, kuma wannan abin bincike ne.

Saboda haka takardar farko ki adana ta cikin littafin awo. Ɗan hoton da ake maƙalawa a jikinta yana dushewa da zafi da rana, ki ɗauke shi da wayarki tun ranar. Kada ki kai a manne shi da roba a na'ura mai zafi, baƙi ƙirin zai koma.

Idan kika ga jini, ko faya ta fashe lokaci bai yi ba, ko mara ta riƙe ki da ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, ko ciwon kai da dishi-dishin ido, ko motsin yaro ya ragu daga yadda kika saba, kada ki fara biyawa ta wurin masu sikanin don ki ga abin da ake ciki. Ki wuce kai tsaye ɗakin haihuwa na asibitin da ya fi kusa da ke, ko Manhyia ne ko Tafo, ko da tsakar dare ne, da littafinki a hannu. Idan sun ga ana bukatar sikanin, su za su yi a can.