Darasi na 9: Yadda ake haɗa agogunan gini su riƙa tafiya tare ba tare da jan waya ba

Toh 'yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa aiki a makaranta ko asibiti ya san wannan rigimar. Agogon ofishin shugaba ya ce ƙarfe 10 daidai, na ajin sama ya ce saura minti 4, mai kaɗa ƙararrawa kuma da na hannunsa yake aiki, ranar jarrabawa sai ka ga ɗaki ɗaya an karɓe takardu ɗayan kuma yara na ta rubutu abinsu. Ba laifin kowa ba ne, agogon batir na gida haka yake, yana iya gudu ko ja baya da kamar daƙiƙa 15 a wata, in ba mai hawa tsani ya gyara to a hankali kowanne sai ya kama gabansa.

Maganin shi ne a yi musu uwa. Wata 'yar na'ura ce kamar akwatin dikoda, mu kira ta uwar agogo, ita ke samo sahihin lokaci sannan ta watsa shi ta iska kamar gidan rediyo, su kuma 'ya'yan da ke bango kowanne da abin kama sigina a cikinsa, suna ji suna gyara kansu. Uwar na samo lokacin ta hanya biyu, ko daga intanet ko daga taurarin ɗan adam na GPS da ke shawagi wajen kilomita 20,000 a sama, waɗanda ke ɗauke da agoguna masu tsananin daidaito. Ni dai a wajenmu GPS nake zaɓa, ba ruwansa da data ta ƙare ko netwok ya ɗauke.

Kafin ku sayi komai ga wani gargaɗi. A kasuwar gwanjo akwai agogunan Turai masu saita kansu, mai kaya zai rantse maka ba sai ka taɓa ba. Gaskiya ya faɗa amma a can, don siginar wata tasha suke kamawa da ke kusa da Frankfurt a Jamus, kuma iyakar zangonta kamar kilomita 2,000 ne, bata isowa Kano balle Legas. Na taɓa sayen guda biyu wlh, hannayen suka tsaya a 12 suna jira har batir ya mutu. Kuma in uwar taku mai ƙarfin watsawa ce sosai, ku tambayi dillalin ko mitar da take watsawa a kai na buƙatar izinin NCC, wato hukumar sadarwa ta Najeriya.

Yanzu aikin kansa. Ku zaga ginin da biro da takarda ku ƙirga ɗakunan da ke son agogo. Uwar a tsakiyar gini ake ajiye ta, in bene ne a hawa na sama, nesa da janareta da manyan ƙarafa. Eriyar GPS ɗin kuma dole ta ga sararin sama, a kan rufi ko jikin taga, in ka sa ta ƙarƙashin kwano ka yi aikin banza. Sai wuta, nan fa ake faɗuwa, kar ku jona uwar a soket ɗin NEPA kai tsaye, ku sa ta a layin inbata ko sola, don in an ɗauke wuta 'ya'yan za su ci gaba da tafiya da batirinsu amma ba mai gyara su har sai uwar ta dawo.

Da kun kunna sai ku jira ta kama tauraro, yakan ɗauki 'yan mintoci. Daga nan ku saita yankin lokaci. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi duk GMT da ƙarin awa 1 ne, Gana kuma GMT ne cif. Akwai wani maɓalli da aka rubuta DST, na ƙasashen da ke tura agogo gaba da awa ɗaya lokacin bazararsu ne, mu bama yi, ku kashe shi, in ba haka ba wata safiya a watan Maris za ku tarar duk ginin ya yi gaba da awa guda kowa na zargin maigadi.

Su 'ya'yan kar ku yi gaggawar rataye su. Ku jera su a tebur kusa da uwar, ku sa sabon batir mai kyau iri ɗaya, ba ragowar na tocila ba. Za ku ga hannayen sun ruga da gudu sun tsaya, galibi a 12, sun yi shiru, can kuma sai su sake zabura su tsaya kan lokaci. Kar wani ya sa yatsa ya murɗa hannun wai zai taimaka, ɓata saitin zai yi.

Sannan ku ɗauki guda ɗaya ku je ɗakin da ya fi nisa, ku cire batir ku mayar a daidai inda za a kafa ƙusa, in ya kama shikenan a huda bango, in ya ƙi ku matsa kusa da ƙofa ko taga ku sake gwadawa. Kankare mai rodi da yawa na cinye sigina sosai, shi yasa ɗakunan ƙasa da sito suka fi gardama, in abin ya gagara sai a ƙara ƙaramar na'urar ƙara zango a baranda. A bayan kowane agogo ku manna takarda ku rubuta sunan ɗakin da ranar da aka sa batir.

Aikin gida: kowa ya duba agoguna 3 a gidansu ko wajen aikinsa, ya kwatanta da na wayarsa, ya rubuta bambancin minti nawa ne. A zo min da shi ranar Asabar, ƙarfe 4 na agogon waya.