Idan Mac ɗinka ya dame ka da tambayar kalmar sirrin Keychain

Wata Asabar da yamma ƙanen wani abokina, mai ɗaukar hotunan biki a Barnawa, Kaduna, ya shigo shagona da ke bayan titin Ahmadu Bello, ya dire MacBook ɗinsa a kan tebur ko zama bai yi ba.

"Yaya, abin nan ya ishe ni. Tun safe na sa kalmar sirri ta fi sau 20, ga hotunan amarya ana jira gobe."

Na ce masa, "Me aka rubuta a jikin akwatin da ke fitowa?"

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya. "Wallahi ban karanta ba. Ina ganinsa nake bugawa in danna."

To a nan ake fara ɓata hanya, kuma ba shi kaɗai ba ne. Keychain wata ma'ajiya ce a cikin Mac inda ake kulle kalmomin sirri na imel da na shafukan intanet da makullan da manhajoji ke ɓoye bayanansu da su. Ba sabon abu ba ne, tun 1999 yake tare da kwamfutocin Apple. Ka ɗauke shi kamar sito mai maigadi a bakin ƙofa. Duk manhajar da ta zo ɗaukar wani abu, sai maigadin ya duba ko ya san fuskarta, in bai sani ba ya leƙo ya tambaye ka. Wannan ɗan akwatin da ke ba ka haushi, leƙowar maigadin ce.

Kuma tambayar iri biyu ce, maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wadda ke cewa manhaja kaza tana son amfani da keychain mai suna login, ka sa kalmar sirri. Wannan na nufin siton gaba ɗaya a kulle yake. Akwai kuma wadda ke cewa manhaja kaza tana son bayanin sirrin da aka ajiye a wani abu takamaimai, ta ambaci sunansa, misali Chrome Safe Storage. Nan siton a buɗe yake, izinin taɓa kaya guda ake nema. Kafin ka danna komai, ɗauki wayarka ka ɗauki hoton akwatin. Sunan manhajar da sunan abin da take nema su ne rabin gyaran.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma mafi arhar gyara, shi ne buga kalmar sirri a danna Return, wato maɓallin Enter na madannai. Maɓallai 3 ne a akwatin izinin: Always Allow da Deny da Allow. Return kan faɗa kan Allow, wanda izini ne na sau ɗaya tak, gobe manhajar ta dawo a sake tambayarka. In ka san manhajar, kai ka sa ta da hannunka daga shafin masu ita, sai ka buga kalmar sirrin ka kai linzami kan Always Allow, wato ka yarda mata har kullum. Kada ka firgita idan wani akwatin ya biyo baya nan take. Sau da yawa ba na farkon ne ya dawo ba, manhaja ɗaya na iya neman abu 3 ko 4 daban-daban, kowanne da tambayarsa. Duba sunan, za ka ga ya canza.

Masu danna Deny don a bar su su huta kuwa, sun yi gudun gara ne sun faɗa gidan zago. Ka hana Chrome makullinsa, sai ya kasa buɗe kalmomin sirrin da ya ajiye maka, shafuka su fitar da kai, kuma da ka sake buɗe shi tambayar na nan tana jiranka.

Yanzu ga babbar matsalar, wadda a ganina ita ce ta fi cin mutane a Kaduna, saboda yawancinmu na hannu muke saya. Ranar da aka buɗe akawun a Mac, kalmar sirrin shiga kwamfutar da ta keychain ɗin login iri ɗaya ce, shi ya sa da ka shiga siton ke buɗewa da kansa ba ka ma sani ba. In ka canza kalmar sirrinka ta hanyar da ta dace, wato cikin System Settings kana sa tsohuwa sannan sabuwa, duka biyun za su canza tare. Amma in ka manta ta, aka kai wa mai gyara ya sake maka wata ta bayan gida, ko wani mai akawun ɗin shugabanci a kwamfutar ya canza maka, to ƙofar gida kawai aka sauya wa kwaɗo. Sito na nan da tsohon kwaɗonsa. Daga nan duk manhajar da ta motsa, Mail ne, Safari ne, sai a tambaye ka, ka buga sabuwar kalmar a ce ba ita ba ce, akwatin ya girgiza kai ya tsaya.

Mutane a nan sukan ɗauka sun yi kuskuren bugawa ne, su yi ta maimaita sabuwar. Tsohuwar ake nema. In ka tuna ta, ka fita daga akawun ɗinka ka sake shiga. Idan Mac ya ce ya kasa buɗe keychain ɗinka ya ba ka zaɓi, ɗauki Update Keychain Password, ka sa tsohuwar, shi ke nan sun daidaita. Ko kuma ka buɗe manhajar Keychain Access, ka zaɓi login a gefen hagu, ka duba ƙarƙashin Edit inda ake canza kalmar sirrinsa, ka mayar da ita daidai da wadda kake shiga da ita yanzu. Af, in ka neme ta a foldar Utilities ba ka gani ba, ba ta ɓata ba. Tun macOS Sequoia na 2024, da aka kawo manhajar Passwords, aka ɗauke ta daga wurin. Danna Command da Space ka rubuta sunanta, za ta fito.

Kafin ka yanke cewa ka manta tsohuwar kalmar, duba madannanka. Na taɓa ɓata kusan awa guda a kan kwamfutar wata malamar jami'a, ashe kalmarta na da alamar # a ciki, kwamfutar kuma an saita ta a tsarin madannai na Ingila, inda Shift da 3 ke ba da alamar fam. Tana buga daidai, abin da ke shiga daban. Haka masu sa tsarin rubuta ƙ da ɗ da ɓ, su manta ba su mayar ba. Buɗe Notes ka buga alamomin da ke cikin kalmar ka ga me ke fitowa, ka kuma tabbata Caps Lock a kashe yake.

In kuwa tsohuwar kalmar ta tafi da gaske, ko kuma tun asali ta wani Bature ce da ya sayar da kwamfutar ta biyo jirgi ta iso hannunka, to ka haƙura. Abin da ke ciki a rufe yake da lissafin sirri, babu mai gyaran da zai fasa maka shi, ko a Kaduna ko a Legas, duk wanda ya ce ka kawo kuɗi zai buɗe ka riƙe kuɗinka. Sabon sito za a yi. A cikin saitin Keychain Access akwai Reset Default Keychains, shi zai ba ka keychain fanko mai kalmarka ta yanzu.

Sai dai a nan ne ake yin gyaran gangar auzinawa. Mutum ya ga bidiyo an ce a goge, sai ya goge, alhali matsalarsa ta Always Allow ce kawai. Wannan mataki na ƙarshe ne. Kafin ka taɓa shi, buɗe Finder, manhajar duba foldoji, ka danna Shift da Command da G, ka rubuta ~/Library/Keychains, ka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa filash. Fayil ɗin da ake kira login.keychain-db shi ne siton naka. Wata rana kana alwala tsohuwar kalmar za ta iya faɗo maka, in fayil ɗin na nan sai ka buɗe shi ka kwashe kayanka. Sannan ka tambayi kanka: kalmar sirrin imel ɗina, na san ta da ka? Lambar wayar da za a turo mini lambar tabbatarwa tana hannuna, ko layin da ya ɓata ne a Kawo bara? Abin da ke cikin iCloud Keychain, wato ma'ajiyar kalmomin sirri ta Apple da ke haɗe da akawun ɗinka ta intanet, zai dawo in kana amfani da shi. Kalmomin da Chrome ya ajiye kuwa, in ba a haɗa su da akawun ɗinka na Google ba, makullinsu a siton da ka rushe yake, ba za su ƙara karantuwa ba. Wannan dalilin ne ya sa nake hana mutane goge duk wani abu mai Safe Storage a ƙarshen sunansa don kawai ya dame su.

Ra'ayina game da Mac na hannu ma, kada ka zauna a akawun ɗin mai shi na da, ko da mai shago ya rubuta maka kalmar sirrin a takarda. Ka sa a goge shi tas a gabanka, ka buɗe naka da hannunka. Kwana ɗaya na wahala ne, ya fi shekara kana amsa tambayoyin da ba naka ba.

Wani lokacin kalmomin sun daidaita, amma da ka tashi ka je salla ka dawo sai a tambaye ka. Wannan saiti ne. A Keychain Access, ƙarƙashin Edit, buɗe saitin keychain ɗin login, za ka ga wurare 2: ɗaya na kulle shi bayan mintuna kaza ba a taɓa ba, ɗaya na kulle shi idan kwamfutar ta yi barci. Cire alamar da ke kansu. Sai fa in kwamfutar ofis ce aka ba ka, to wataƙila da gangan aka sa, ka je wurin mai kula da kwamfutocinku kada ka yi gaban kanka.

Sai batun da ba a son a faɗa. Maigadin nan ba da suna yake gane manhaja ba, da sa hannun masu ita yake ganewa, wani hatimi ne na lantarki da ke jikin kowace manhaja ta gaskiya. Idan ka ce Always Allow, hatimin yake haddacewa. Manhajar da aka fasa aka raba kyauta, irin wadda ake zuba wa mutum guda 10 a filash a kan kuɗi kaɗan, an riga an lalata hatiminta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Za ka iya ba ta izini yau, a sake taɓa ta gobe ta zama baƙuwa. Ko manhaja ta gaskiya ma takan rikice in kana da kwafinta 2, ko kana buɗe ta kai tsaye daga Downloads ko daga cikin fayil ɗin dmg da ka sauko da shi. Manhajojin Office na Microsoft sun shahara da wannan: ka matsar da su daga foldar Applications, sai su yi ta neman keychain. Bar kwafi ɗaya, a Applications, ka jefar da sauran, ka cire tsohuwar alamar daga Dock, jerin alamomin manhajoji da ke ƙasan allo, ka sa sabuwa.

Akwai shawarar da ke yawo cewa ka danna abin da manhajar ke nema sau biyu a Keychain Access, ka shiga Access Control, ka zaɓi a bar kowace manhaja ta taɓa shi. Tambayar za ta daina, gaskiya ne, don ka sallami maigadin. Kada ka yi. A wannan shafin dai akwai jerin manhajojin da aka yarda da su. Cire tsohon sunan da alamar ragi, ka ƙara manhajar da kake amfani da ita yanzu da alamar tarawa, ka ajiye. Haka nan duk bidiyon da ya ce ka nemi Keychain First Aid, kada ka ƙona datarka a kansa, tun ƙarshen 2015 aka cire shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali da ɗabi'ar bugawa ba karatu shi ne ɓarayi sun san da ita. A 2023 aka gano wata muguwar manhaja mai suna Atomic Stealer, wadda ake cusawa cikin manhajojin sata da tallace-tallacen bogi. Aikinta ta fito da akwati mai kama da na Mac ta nemi kalmar sirrinka, da ka ba ta sai ta kwashe abin da ke keychain da na burauza ta aika wa iyayen gidanta. Saboda haka in akwati ya fito daidai lokacin da ka buɗe wani abu da ka sauko da shi yanzu, bai ambaci takamaiman abin da yake nema ba, rufe shi. Haka duk shafin da ya ce ka kwafi wani layi ka manna a Terminal, manhajar ba kwamfuta umarni a rubuce, don a gyara maka. In ka riga ka ba da, cire kwamfutar daga intanet, ka canza kalmomin imel da na banki daga wayarka, ba daga ita ba.

Shi dai yaron Barnawa, da muka karanta akwatin nasa tare, sai ga sunan manhajar gyaran hoto. Kwafi 2 gare shi, ɗaya a Applications, ɗaya a Downloads wadda wani abokinsa ya tura masa, kuma alamar da ke Dock ta biyun take buɗewa. Muka jefar da ita, muka buɗe ta gaskiyar, aka tambaye mu sau 2, muka danna Always Allow. Na ce ya kashe ya kunna. Ya zuba wa allon ido, yatsunsa na kan madannai yana jira.

"Yaya, bai fito ba."

"To kai hotunan mutane. Kuma ka canza kalmar sirrin imel ɗinka yau, don ban san abin da waccan ta abokinka ta gani ba."